Kanwa a Ruwan Shalda

Ni dai ban taɓa ganin Shalda da idona ba, amma da za a ba ni gawayi da bango, da na zana muku ita tun daga inda take ɓuɓɓugowa a gindin dutse har inda take shigewa babban kogi. Shekara ashirin da shida muna katanga ɗaya da Rhoda a nan unguwar Moduganari, to me kuke tsammani? Mace ce da ba ta iya shan ruwa ta ajiye kofi ba tare da ta kushe shi ba. Na burtsatse ta ce gishiri, na famfo ta ce warin magani, na leda ta ce ɗanɗanon roba. Duk ruwan duniya a wajenta bayan Shalda yake.

Ɗan rafi ne a ƙauyensu Pirkwa, can cikin duwatsun kudu. Ba wani babba ba ne, ta ce a wasu wuraren ko mace da tulu a ka tana tsallake shi. Sai dai kurmi ya rufe shi ruf. Ɗinya da kanya da ɓaure sun haɗa kai a sama, rana ba ta samun ruwan sai in ta take tsaka, shi ma kamar an yayyafa. Akwai ƙaguwa a ƙarƙashin duwatsu, da ƙananan kifaye masu tsunkulin ƙafar mai wanki, da kwaɗin da ke hana mutum jin maganar abokin tafiyarsa da damina. Nakan tsokane ta in ce, ke Maman Agnes, in dai haka Shaldar nan take, me ya kawo ki garin yashi? Sai ta ce aure, kamar yadda kanwa ta jawo ki daga Kano, Bakanuwa mai shan ruwan kududdufi.

Kuma gaskiyarta. Maigidana, marigayi Malam Garzali, fataucin kanwa ne ya kawo shi Barno, ni kuwa na biyo shi da kwanukana. A hannunsa na san kanwa, har ido rufe ina bambance ungurnu da jar kanwa. Da ya rasu sai na riƙe kunu ya zama sana'a. Duk gidan da aka haihu a layinmu, ni Iya Talatu ake aika wa in dama wa mai jego kunun kanwa, Musulmi da Kirista, ba a tambaya.

Rabon Rhoda da Pirkwa shekara goma sha biyu. Da farko hanya ce ta lalace, kowa ya san abin da ya faru a ƙasar nan. Da hanya ta ɗan yi sauƙi sai mijinta ya kwanta ciwo har ya rasu, bayan nan kuma gwiwoyi suka ce ba su san zancen mota ba. Labarin gida sai daga bakin ƙanenta Ajimi, direban motar kaya, magidanci mai furfura a gemu, wanda ke ɗauko wake da masara daga can da kaka. In ta tambaye shi mutane, ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya. In ta tambaye shi Shalda, ya ce tana nan, ya shiga zancen tsadar taya.

To, a shekarar da ta biyo bayan ambaliyar nan da ta ci garinmu, wajen ƙarshen damina, 'yarta Agnes ta haihu. Shekara tara da aure, ba ko ɓatan wata, har mutane sun daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Sai ga mace, jajir, mai yawan gashi. Ranar na ga Rhoda ta yi rawa da gwiwoyin nan da ta ce sun mutu.

Mutanen Pirkwa suna da wata al'ada. Duk inda aka haifi jininsu, ko a Ikko ne, rana ta takwas sai an ɗiga wa jariri ruwan Shalda sau uku a baki kafin kakarsa ta kira sunansa na gida. A yi masa wanka da shi, uwar kuma ta sha kunun da aka dama da shi har kwana bakwai. Wanda aka yi wa haka ya zama ɗan Pirkwa, yana da rabo a gona, yana da wurin kwanciya a maƙabartar kakanninsa. Wanda ba a yi wa ba, baƙo ne, ko da ubansa ne dagaci. Kuma akwai sharaɗi: daga lokacin da aka ɗebo ruwan, babu mahalukin da zai kai shi baki sai jaririn ya fara. Ko mai ɗebowa, in ƙishirwa za ta kashe shi a hanya, ba zai taɓa ba.

Ajimi ya tafi, ya dawo rana ta shida da sabuwar jarka ruwan ɗorawa, an ɗaure bakinta da leda da roba. Rhoda ta leƙo ta kan katanga ta ce in zo in ga abin da ake kira ruwa. Ta zuba a kofin gilashi ta ɗaga wa rana. Wallahi garau, ba ko ƙwayar ƙura, kamar babu komai a kofin. Ta ce ko a ƙuruciyarta bai kai haka haske ba, da can sai sun bar shi ya kwanta tukuna. Ajimi yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

Ta zuba rabon jaririya a wani ɗan gora da ta zo da shi tun ranar aurenta, ta toshe, ta ɗora a kan kabad kusa da littafin addu'arta. Ta tsiyaye na wanka a bokiti. Sauran ta ce a kai min don kunu, abin da ya rage kuma za a raba wa 'yan garinsu masu ciki a unguwannin Ajilari da Umarari, tunda ba kullum ake samun mai zuwa ba. Har na kai zaure ta kira ni ta ce ta san ni da ɗanɗane-ɗanɗane, to in kama bakina. Na ce mata ni da na sha zamzam, me zan yi da ruwan kwaɗi.

Rana ta takwas, da gari ya waye sosai, na fito tsakar gida na hura wuta. Gerona tun jiya na surfe shi na wanke, an markaɗo min da citta da kanunfari da masoro, na tace gasara ta kwanta. Saura kanwa. Na ɗebo ruwan Shalda a ƙwarya, na ɓallo ungurnu mai kyau kamar rabin ƙwai na jefa don ta jiƙa, na juya ina gyara itace.

Sai na ji wani ɗan sauti a bayana, shuuu, kamar an watsa ruwa a garwashi. Na waiga. Ƙwaryar ce ke kumfa. Ina kallo, ruwan nan da yake garau yanzun nan ya fara dusashewa, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya koma ja kamar an wanke tsohon kwano mai tsatsa. Wasu gudaji suna tashi suna sauka a ciki, irin na madarar da ta tsinke.

Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san kumfar nan. Kanwa ba ta tashi haka kawai, sai ta gamu da tsami. Ka jefa ta a yakuwa ta yi kumfa, ka jefa ta a ruwan tsamiya ta yi kumfa. Amma ruwan rafi, me ya haɗa shi da tsami? Kuma yakuwa ba ta fitar da tsatsa.

Kanwar na fara zargi, don mutum ya fi son laifi ya zama na kayansa a irin wannan rana. Na ɗebo ruwan randata, wanda mai moya, wato mai tallan ruwa, ya zuba min jiya, na ɓalli kanwar nan dai na jefa. Ta nutse ta zauna shiru abinta. Na wanke wata ƙwaryar na sake gwada na jarka. Shuuu.

Nan na yi abin da aka hana ni. Na tsoma yatsa na ɗora a harshe. Tsami ne mai kashe haƙori, ba irin na tsamiya mai sa yawu ba, ga bauri, bayansa kuma wani ɗanɗanon ƙarfe kamar na tsotsi ƙusa. Na tofar, na kurkure baki sau uku, bai tafi ba. Na zauna a kan turmi ina jin muryar jaririyar ta bayan katanga, tana ɗan kukanta na safe.

Ajimi yana ƙofar gida, maza suna kafa rumfa yana ba su umarni da kofin shayi a hannu. Na ce ya zo ya kama min tukunya. Da ya shigo na nuna masa ƙwaryar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ajimi, ina ka ɗebo ruwan nan?"

"A Shalda, Hajiya. Allah na gani, a Shalda."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Me ya sami Shaldar?"

Ya ajiye kofin a ƙasa, ya tsuguna. Ya ce shekara bakwai ke nan da wasu mutane suka zo da manyan motoci da injin tono, suka fasa dutsen da ke saman ƙauyen suna haƙar dalma. Samarin gari sun samu aiki, har an yi murna. Shekara uku suka yi, da abin ya daina biyansu suka kwashe injinansu suka tafi, suka bar ramuka da tsibi-tsibin farfasasshen dutse mai ƙyalli. Ruwan sama ya sauka a kai, ya taru a ramukan, ya riƙa tsatsafowa cikin kan rafin. Tun damina ta biyu duwatsun cikin ruwa suka fara yin ja. Kifi ya taso ciki sama. Awakin da suka sha suka kama zawo, Fulani suka sauya burtali. Wani malamin jami'a ya je da kwalabe ya ɗiba, ya gaya wa dattawa cewa irin dutsen nan muddin yana binne lafiya lau ne, amma in iska da ruwa suka same shi sai ya riƙa zubar da tsami dangin ruwan batir, tsamin kuma ya narko ƙarfe da gubar da ke cikin dutsen. Suka tambaye shi yaushe zai daina. Ya ce wataƙila jikokinsu ma ba za su gani ba.

Na ce masa, kai direba, ka fi ni sanin ruwan batir, shi ka ɗebo wa 'yar kwana takwas? Ya ce a'a, ai bai ɗiba a inda ya yi ja ba. Ya bi rafin sama, tafiyar rabin awa cikin busassun itatuwa, har ya tarar da wani ɗan gurbi mai haske kamar madubi, ya ɗauka can cutar ba ta kai ba. Na tambaye shi ko ya ga wani abu yana motsi a gurbin. Ya yi tunani. Ya ce babu, ko ƙwaro, ko gansakuka a jikin dutse. Yana faɗa na ga fuskarsa ta sauya, don shi ma a lokacin ya gane abin da ya sa ruwan ya yi garau. Sama ya bi, ai kusa da ramukan ya ƙara matsawa.

Sai ya shiga roƙona. In zubar da wannan, in dama kunun da ruwan randata, wa zai sani? Na ce kunu mai sauƙi ne, ɗan goran fa da ke kan kabad? Ya ce in ja ta da hira zuwa gidana, shi ya shiga ya sauya. Ya ce yayarsa ta rasa miji, ta rasa gidansu na can, ambaliya ta cinye mata kayan ɗaki, rafin nan ne kaɗai ya rage mata bai taɓu ba, shi ya sa shekara da shekaru ya kasa buɗe baki.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in yarda. Sai da na tashi ma na ɗauki mayafi da niyyar haka. Amma na tuna matan nan masu ciki da ke jiran rabonsu, na tuna in an yi wata haihuwar baɗi Rhoda za ta sake aikawa, wataƙila ba Ajimi ba, wataƙila ranar ba ni ke dama kunun ba. Na ɗauki ƙwarya biyu da gutsuren kanwa, na ce masa ya tsaya kusa.

Na same ta gaban madubi tana ɗaurin ɗankwali, ta sha sabuwar atamfa. Agnes tana bakin gado tana shayarwa. Rhoda ta ce, Bakanuwa, kunun ya nuna ne, ko gishiri kika zo roƙo? Na ɗebo ruwa a ƙwaryoyin nan gidanta, na durƙusa na ajiye su a gabanta, na ce wannan na randarki ne, wannan na bokitin wanka ne, ki duba. Na raba kanwar biyu na jefa.

Ta kalli abin har ya gama kumfarsa, jan ya kwanta a gindin ƙwarya. Ta ce kanwar Baga ce mai faɗa, Shalda ba ta saba da ita ba. Na ce kanwa ba ta faɗa da ruwa sai mai tsami. Ta ce ita ta sha Shalda shekara goma sha tara, ba wanda zai gaya mata ɗanɗanonta, balle wadda ba ta taɓa sha ba.

"Na sha, Maman Agnes. Ɗazun nan na ɗanɗana."

Hannunta ya tsaya a kan ɗankwalin.

"Kin riga jikata, Talatu?"

Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunana gatsal ba. Ko Maman Uwais, ko Bakanuwa in ana wasa.

"Na riga ta. Kuma na gode Allah da bakina ya fara shiga, ba nata ba."

Ta ce in kwashe ƙwaryoyina in fita mata daga ɗaki. Ban fita ba. Na ja jiki na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na ɗaga murya na kira Ajimi. Ya zo ya durƙusa a dokin ƙofa kamar mai neman aure, ya maimaita duk abin da ya gaya min, idonsa a kan tabarma. Ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta shiga tambayarsa, a hankali, wuri-wuri. Ɓauren da mata ke jingina tulu? Ya ce ya bushe shekara uku ke nan, an sare shi an yi itace. Falalen dutsen wanki? Ya ce ja, kamar an kwara manja. Ɗinyar bakin mashaya? Ya ce tana da ganye ta ɓangare ɗaya. Ta tambayi inda mutane ke shan ruwa, ya ce rijiyar ƙauyen gaba, tafiyar awa guda. Ta tambayi jariran da aka haifa a shekarun nan. Ya ce wasu suna ɗigawa su yi addu'a, wasu su kai goran kusa da leɓe su janye, kowa ya kau da kai, ba mai zancen.

"Kuma duk shekarun nan ina tambayarka."

"Na kasa, Yaya."

Agnes ta ƙara rungume 'yarta. Daga baya ta gaya min tun a asibiti an ce kada a ba yarinyar ko wane irin ruwa sai ta yi wata shida, amma wace 'ya ce za ta kalli uwar da ta jira shekara tara tare da ita ta ce mata a'a?

Sallama ta fara yawa a tsakar gida. Rhoda ta ƙarasa ɗaurinta, ta miƙa hannu ta sauko da ɗan goran, ta raɓa ta gefena ta fita ba ta dube ni ba. Wallahi ban san abin da za ta yi ba. Na bi bayanta ina lissafin taku nawa ne tsakanina da ita, in ta kama in riƙe hannunta a gaban mutane.

Matan Pirkwa sun cika tabarmi, daga Ajilari, daga Umarari, har daga bayan tasha. Wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin coci, don a garinsu gida ɗaya kan haɗa duka biyun. A tsakiya, kan kujera 'yar tsugunno, ga Gwaggo Hanifa, yayar marigayi mijin Rhoda, tsohuwa ta kusa casa'in, ita ce babbarsu a garin nan, a cinyarta ake ɗora jariri. Suka fara wata waƙa da yarensu, ƙasa-ƙasa, ba kiɗa ba tafi. Agnes ta fito, ta durƙusa, ta ɗora yarinyar a cinyar tsohuwa. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya.

Rhoda ta cire toshiyar goran. Aka miƙa mata ɗan karan ciyawar da ake ɗigawa da shi, ta karɓa. Gwaggo Hanifa ta sa yatsa ta buɗe ɗan bakin. Waƙar ta kai inda ake ɗigawa, ta wuce, matan suka sake zagayowa kanta, Rhoda tana tsaye. Suka zagayo karo na uku.

Sai ta ɗaga goran ta kafa a bakinta.

Waƙar ta yanke. Ta riƙe ruwan a baki, ido rufe, ta daɗe. Na ɗauka za ta tofar. Sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ruwa ya zubo mata daga ido, ko na tsamin ne ko na wani abu, ni ban isa in raba ba.

"Rhoda, me kika yi?" in ji Gwaggo Hanifa. "Kin ɓata ruwan."

"Ba ni na ɓata shi ba, Yaya."

Ta yi musu bayani da yarensu, sannan ta juya da Hausa saboda mu maƙwabta. Ba ta ƙara gishiri ba, abin da Ajimi ya faɗa ta faɗa, ta aika aka ɗauko ƙwaryar nan mai ja ta ajiye a tsakiyar tabarma. Abin da ya fi taɓa ni, da yawa daga cikin matan ba su yi mamaki ba. Sunkuyar da kai kawai suka yi. Ashe masu mazan da ke zuwa gida da kaka sun sani tuntuni, kowacce tana rufa wa tsofaffi.

Gwaggo Hanifa ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba. Ta ce ɗigo uku bai taɓa kashe kowa ba. An ɗiga wa uwarta, an ɗiga mata, ita da hannunta ta riƙe Agnes aka ɗiga mata a wannan gidan. Ta ce Shalda uwa ce, uwa kuwa ko ta kuturce ba a ƙin nononta. Ta ce yarinyar da ba ta sha ba, in ta girma ta je Pirkwa wa zai nuna mata gonar kakanta, in ta mutu ina za a kai ta? Su da gudu ya watsa su cikin garin mutane, in suka bar wannan, me ya rage da za su ce su su wane ne? Ni kaina na san ba mugunta ba ce. Tsoro ne irin na tsoho.

Rhoda ta saurare ta har ƙarshe. Ta mayar da toshiyar goran, ta danna ta da tafin hannu.

"To ta zauna ba gari, Yaya. Ta zauna ba gari, da ranta da lafiyarta. Shekara tara muka jira ta."

Ta sunkuya, da gwiwoyin nan, ta ɗauke jaririyar daga cinyar tsohuwa. Ta ɗaga ta daidai fuskarta ta kira sunanta na gida, wani suna na yarensu da harshena bai iya juya shi daidai ba har yau. A al'ada, in kaka ta kira, matan duka suke amsawa baki ɗaya. Ta kira, shiru. Ana jin mai moya yana buga ƙarfensa a can bakin layi. Ta sake kira. Sai Agnes ta amsa, ita kaɗai, daga inda take durƙushe. A karo na uku wata mai tsohon ciki daga Umarari ta amsa tare da ita, sannan wasu biyar ko shida, ba da ƙarfi ba.

Gwaggo Hanifa ta ce a miƙo mata sandarta. Aka tashe ta, ta gyara hijabinta, ta fita ba sallama. Mata huɗu suka bi ta. Sauran suka zauna, ba mai kallon wani.

Ni na koma gida na zubar da toka, na sake hura wutar da ta mutu, na dama kunun da ruwan randata. Sai wajen hantsi na kai. Rhoda ta karɓi ƙwaryar daga hannuna, ta juya da ludayi har ya huce, ta miƙa wa Agnes. An ci shinkafa, an sha zoɓo, amma taron bai yi armashi ba, kafin azahar an watse.

Da la'asar ta sa aka kira Ajimi. Ina nan ina tattara kwanuka. Ta ce ya juye na bokiti cikin jarka, ya haɗa da ɗan goran, kada a ba kowa ko cokali ɗaya, kada kuma a zubar a lungun nan, yara na wasa a ƙasa. In zai koma ɗaukar wake ya tafi da shi, ya mayar a gurbin da ya ɗebo. Ya ce to. Ta ce kuma ya je wajen dagaci da rana tsaka, lokacin da dattawa ke zaune, ya gaya musu jikarta ba ta sha ba. Kada wani ya rufa mata asiri ya ce an ɗiga. Ajimi ya ce, Yaya, in aka faɗa haka a bainar jama'a ai an rufe wa yarinyar ƙofa ke nan, da an yi shiru wa zai bincika? Ta ce ta sani. Ta ce akwai masu ciki a can ma, su ji cewa wata ta ƙi.

Ya je, ya faɗa. Gwaggo Hanifa ba ta sake tako gidan ba, ko da aka yi bikin Kirsimeti aka aika mata da abinci, an dawo da kwanon yadda aka kai shi. Yarinyar yanzu tana rarrafe, ta fitar da haƙori biyu, kullum sai ta zo ta kifar min da ƙwaryar gasara. A lissafin mutanen Pirkwa, ba ta ciki.